Ƙafar da Kaka Ya Ɗora

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar Laraba, babura uku suka tsaya a ƙofar gidanmu. Na san lokacin daidai domin ina zaune a zaure da agogo a gabana, ina gwada ko zan iya gama lissafin jarrabawa cikin awa biyu. Ranar kasuwar Ƙonni ce, rabin mazan garin suna can. Kaka yana gefe yana fere karan dawa da ƴar wuƙarsa. Mutum shida suka sauka, fuskokinsu a naɗe, huɗu da bindigogi a rataye. Ɗayansu ya yi sallama, sallama cikakkiya wadda har yau nake jin haushinta, ya tambaya ko nan ne gidan maɗori. Kaka ya ce nan ne, ina mai karayar? Suka ce yana daji, ba ya iya zuwa. Kaka ya zuba karan da ya fere a zabirarsa, ya ɗauki kwalbar man shanu, ya ce in gaya wa matarsa Inna kada ta ajiye masa tuwo. Kwana tara ya yi a hannunsu.

Shekara uku ke nan da wannan. Makon jiya Kaka ya rasu da hantsi, a kan tabarmarsa, ba tare da doguwar jinya ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Ina bayan zana lokacin da aka yi masa salla, na ƙirga. Sahu biyu ne, na biyun bai cika ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana ɗora ƙasusuwan garin nan, wanda babu gidan da bai taɓa zuwa ƙofarsa da kuka ba, sahu biyu. Maƙwabcinmu mai injin niƙa bai kashe injinsa ba, da ƙararsa a kunnuwanmu liman ya yi kabbara huɗu. Alhaji mai sayar da fetur, wanda gidansa ke kallon namu, ya aiko a ce yana da baƙi. Matan da suka shigo wajen Inna sun zauna daf da ƙofa, suka ce ya haƙuri, suka tashi tun kafin a dama fura. Na ji ɗaya tana ce wa ƴar'uwarta a hanyar fita, Allah dai shi ya san abin da ya yi.

Waɗanda suka yi masa kuka baƙi ne. Wani tsohon jandarma, Bazabarme, ya taho daga Ƙonni da kakinsa, ya tsaya a sahu na biyu yana share ido da hularsa. Da Hausarsa mai karkata ya gaya wa Kawu, yayan mahaifiyata, cewa ɗiyarsa da ke gudu yau a filin lakwal, wato makarantar boko, tsohon nan ne ya tsayar da ita. Wani Bafillace ya taho a ƙasa daga wajen Alela, bai iya dogon bayani ba, sai ya ɗage wandonsa ya nuna wa mutane sangalinsa.

Kafin a fita da gawar, Inna ta tara mu, ƴaƴa da jikoki, ta ce duk wanda Malam ya ɓata wa, ya yafe masa yanzu tun yana cikin gida. Kowa ya ce ya yafe. Ni ban ce komai ba. Inna ta dube ni, ta sake maimaitawa, na sunkuyar da kai. Dole in rubuta wannan tun da wuri, domin kada wanda ya karanta ya ɗauka na fi mutanen garinmu. Ina jin haushinsu, amma abin da ke ransu yana raina.

Kaka mahaifin mahaifiyata ne. A gidansa na tashi, kuma ko da na shiga makaranta a Ƙonni, a gidan nasa nake yin kowane hutu. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, ba ya son hula mai ado, ba ya cin goro sai ya gama aiki. Malama yake kirana, saboda ba ya ganina sai da littafi. Idan na yi shiru da yawa sai ya ce wa Inna, wagga amarya tawa ta fi son takarda da ni, a maido mini sadakina. Ni kuwa ba na iya ramawa, sai in rufe fuska da littafin.

Bai taɓa tambayar mai karaya sunansa ko na ubansa ba. Tambayarsa ɗaya ce: yaushe ka karye? Domin dokar da ya gada wajen mahaifinsa ita ce, wanda ya riga karyewa shi ake fara ɗorawa. Ba wanda ya riga zuwa ba, ba wanda ya fi girma ba. Na taɓa ganin wani babban ma'aikaci daga buron gwamnati na Ilela ya zo da mota, gwiwar hannunsa ta goce da safen nan, ya tarar da wani mai amalanke daga Bazaga wanda jakinsa ya kayar tun jiya. Direban ma'aikacin ya yi ta faɗa, yana cewa ko an san wane ne wannan. Kaka bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ƙashin wanga ya kwana yana kuka. Na maigidanka ko azahar bai gani ba. Shi zamna." Ma'aikacin ya zauna a kan tabarma har aka gama da mai amalanke.

Dokarsa ta biyu, abin da ya gani a jikin mutum a zauren yake barinsa. Matan aure sun zo da karayar da ba faɗuwa ce ta kawo ta ba, samari sun zo da targaɗen da suka samu a kan katangar da ba ta gidansu ba. Ko Inna ba ta taɓa jin komai daga bakinsa ba.

Amma yana ba da labarin zamani, ba tare da suna ba, ni kuma ina rubutawa a wani littafi mai bango shuɗi. Ya ce shi tarihin ɓarayin ƙasar nan a ƙashi ya karanta shi. Na farkon da ya sani, tun yana riƙe wa mahaifinsa tsumma, ɓarayin shanu ne masu sanda da takobi. Su a damtse suke karyewa, domin hannu suke ɗagawa su tare sandar makiyayi. Suna da babbansu wanda kowa ya san gidansa, mai shanu yakan je da goro a yi magana, a maido masa wasu. Ba ya yabonsu, yakan ce sun sa mutane da yawa kwana da yunwa. Bayansu sai ƴan fasa-ƙwauri, masu ɗauko fetur da atamfa da taba ta hanyoyin daji suna guje wa ƴan duwan masu tsaron iyaka. Su a kafaɗa da cinya suke karyewa, idan babur mai jarka takwas ya kife da su. Na ukun su ne na yanzu, kuma ba su ne suka fi zuwa ba, waɗanda suka harba ake kawowa, da ƙashin da ya farfashe kamar tukunya, wanda sai dai ya ce a wuce asibiti. Akwai maganarsa da na ja wa layi biyu: "Hanyar da shanun sata sunka bi, ita fetur ya bi, ita bindiga ta biyo. Ba wanda ya share sabuwa."

Shi ya sa nake son in tambayi Alhaji mai baƙi. Kafaɗar da yake rataya babbar riga a kanta ran Juma'a, wa ya ɗora ta, kuma daga kan me ya faɗo? Babura ukun da suka tsaya a ƙofarmu, da ruwan rijiya suka zo? Kowa a garin nan ya san inda jarkoki ke tafiya da rana tsaka, ya san mai kai burodi, ya san mai kai katin waya. Ba wanda ya daina gaishe su. Samarinmu suna zaune a gindin bedi suna miƙa wa juna waya, suna kallon ƴan bindiga suna rawa, sun haddace sunayensu da na yaransu kamar ƴan ƙwallo. Ni ba zan rubuta sunan shugabansu a nan ba, wayoyinku sun ishe shi. Zan kira shi mai ƙafar.

Mai ƙafar ya faɗo ne daga babur, ƙashin cinyarsa ya karye. Wannan kaɗai muka sani. A rana ta tara suka sauke Kaka a bakin hanyar Alela, ya ƙaraso gida a ƙasa, zabirarsa ba komai a ciki. Jandarmomi suka tafi da shi Ƙonni kwana biyu, ya gaya musu an ɗaure masa ido a zuwa da dawowa, ya faɗi abin da ya iya ganewa na hanya, suka sallame shi. Garin ya cika gidanmu da barka. Har Alhaji ya zo.

Bayan wata huɗu sai ga mai ƙafar a waya, tsaye a kan ƙafafunsa biyu, yana buga ta daman a ƙasa yana dariya. Mako guda bayan haka shi da yaransa suka shiga ƙauyen da ke gabas da mu da azahar. Cikin waɗanda aka binne akwai ƙanen mai injin niƙa. Akwai kuma malamin da ya koya mini karatu a lakwal, wanda ya fara ba ni aron littafi, ya ce in na ɓata shi ba komai, in dai na karanta.

Daga maƙabarta mai injin niƙa ya wuce ƙofar gidanmu, da ƙasar kabari a ƙafarsa. Bai yi ihu ba. Ya ce wa Kaka, ƙafar nan tana hannunka kwana tara, da ka karkatar da ita ko da faɗin yatsa, da ba ta sake hawa babur ba, da ƙanena yana gona yanzu. Sannan ya kira shi da sunan da ya bi shi har kabari: maɗorin ɓarayi.

Ba na ganin laifin mai injin niƙa a ranar, mutum ne da ya binne ɗan'uwansa. Laifin da nake gani na sauran ne, waɗanda suka samu tsoho mara bindiga suka sauke masa duk tsoron da ba su iya kai wa masu bindiga. Aka ce an ba shi shanu. Aka ce tun da can shi ne likitansu. Aka daina kawo masa karaya, sai a ɗora mutum a amalanke a kai shi har Malbaza yana ihu a kowane rami. A masallaci gefensa ya zama wurin da ake bari ga wanda ya makara. Shi kuwa kullum bayan la'asar yana fere karan dawa, yana daidaita tsawonsu, yana ɗaure su goma goma. Da suka cika kusurwar zaure, Inna ta riƙa ɗiba a ɓoye tana hura wuta da su, don kada ya ga yawansu.

Kawu, babban ɗansa, ya roƙe shi ya tashi bayan sallar Juma'a ya faɗi abin da ya faru, ya ce bindiga aka sa masa a kai, ya rantse, a huta. Kaka ya ce ba a sa masa bindiga a kai ba, ba zai rantse a kan ƙarya ba. Kawu ya ce to ya faɗi gaskiyar. Kaka ya ce bai taɓa faɗin jikin wani ba, ba zai fara da tsufa ba. Kawu ya yi wata biyu bai shigo gidan ba.

Ni sau ɗaya na ɗaga murya a rayuwata, kuma a kansa ne. Na same shi a zaure, shuɗin littafin yana hannuna. Na ce masa malamina ya mutu, kuma ƙafar da ta kai mutuwar shi ya gyara ta. Na ce ya gaya mini dalili ɗaya, ni kaɗai, ba zan rubuta ba. Na ɗauka zai yi magana. Sai ya ce, "Malama, tashi ki kawo mini ruwa." Na kawo masa ruwan, na ajiye littafin a ƙasan akwati. Da na tafi karatu birnin Tawa, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Idan na zo hutu ya ce ina amaryata, sai in ce lafiya lau, in wuce ɗaki. Shekara biyu da rabi ina yi masa haka. Wannan ma a rubuta shi cikin abin da garin nan ya yi masa.

Ranar addu'ar bakwai wata mata ta shigo, ba mu san ta ba. Za ta yi shekara talatin da ƴan kai, da goyo a bayanta. Ta gaishe da Inna, ta koma can ƙarshen tabarma. Ba ta tashi da wuri kamar sauran ba. Ina raba gumba sai na lura da hannunta. Ta ɗora babban yatsan hagu a gwiwar hannun dama, ta murzo shi a hankali har tsintsiyar hannu, sannan ta juya hannun sau uku. Haka Kaka yake koya wa duk wanda ya kwance wa ɗori, ya ce a riƙa yi safe da yamma har ya zama jiki. Na san matan da suka taɓa jinya a gidanmu, domin ni ke kai musu ruwa. Wannan ba ta taɓa kwana a gidanmu ba.

Na bi ta har bayan rumbu lokacin da ta je shayar da ɗanta. Ban iya fara magana da baƙo ba, don haka na tsaya kawai. Ita ta fara. Ta ce ke ce Malama? Kakanki ya ce yana da jika mai rubuta komai.

Ta ce an kama ta a hanyar gona kwana huɗu kafin a kawo Kaka, kuma a wajen kamun aka karya mata hannu da gindin bindiga. Su bakwai ne a ɗaure a gindin wata itaciya. Da aka kwance wa Kaka ido, aka kai shi wajen mai ƙafar, sai ya ji nishinta. Ya tambayi mai ƙafar yaushe ya karye, aka ce shekaranjiya. Ya juyo ya tambaye ta, ta ce kwana huɗu. Sai ya ɗauki zabirarsa ya nufo ta. Wani ya ɗana bindiga. Kaka ya ce, "Ta riga shi. In kun kashe ni, ku ɗora shi da kanku." Mai ƙafar yana kwance yana zagi, yana cizon rawani, har aka gama ɗaure mata kara. Bayan ita ma sai da ya duba wani dattijo mai tsagaggen haƙarƙari. A kwanakin nan tara, kullum da su yake farawa.

Danginta sun fito da ita bayan wata guda. Amma tun ranar da aka kama ta, mijinta da surukanta suka gaya wa mutane ta tafi Badagishiri taya ƴar'uwarta aikin albasa, domin sun san abin da ake faɗa a kan matar da ta kwana a daji, da abin da za a faɗa wa ƴaƴanta mata in sun girma. Ita ta roƙi Kaka kafin ya tafi, ta ce kada ya ce ya gan ta. Ya ce mata shi bai ga kowa ba, hannu ya gani.

Na ce mata shekara uku ana kiransa maɗorin ɓarayi, tana ina? Ta ce tana gidanta, tana ji, tana shiru, kuma ba ta da abin da za ta kare kanta da shi. Ta ce in rubuta, amma kada in faɗi garinsu. Ga shi na rubuta. Ku da kuka bar gefensa a masallaci, ku karanta. Da kalma ɗaya zai wanke kansa a gabanku, ya zaɓi ya bar wa wata baƙuwa aurenta.

Amma wannan bai amsa tambayata ba, kuma na gaya mata haka. Na ce na ji ya ɗora ta da farko, na ji ya rufa mata asiri. To ƙafar fa? Malamina fa? Me ya hana shi karkatar da ita?

Abin da ta faɗa mini shi ya sa da la'asar ɗin ranar na je na durƙusa gaban Inna na faɗi kalmar yafiyar da na hana ta, a makare, bayan mai ita ya kwana bakwai a ƙasa. Ban ce zai ishi mai injin niƙa ba. Ban ma tabbata ya ishe ni kowace rana ba. Na ciro shuɗin littafin daga ƙasan akwati na rubuta shi yadda ta faɗa.

Ta ce, "Ni ma na tambaye shi, ƙanwata. Ran da zai sake ɗaurin ƙafar, ni ke riƙe mishi ƙwaryar ruwa da hannun hagu. Na matsa na ce, Baba, ga ta a hannunka, ka kauda ta kaɗan, ba mai ganewa. Sai ya dubi hannuna da ya ɗora, ya ce, ɗiyata, hannun da ya ɗora ki shi ne wanga, ba ni da wani. In na koya mishi ɓata ƙashi yau, gobe in kin kawo mini ɗanki, ke ba ki da tabbas, ni ma ba ni da shi."